Gargaɗi ga mata masu neman miji a Bumble da Snapchat a Indiya

A watan Janairun 2025 'yan sandan Delhi suka damƙe wani matashi ɗan shekara 23 a unguwar Shakarpur, gabashin birnin, bisa zargin yi wa mata barazana da hotunansu na sirri don ya karɓi kuɗi. Da rana ma'aikaci ne a wani kamfani a Noida, wani birni da ke maƙwabtaka da Delhi. Da dare sai ya shiga intanet yana ƙaryar cewa shi ɗan tallan kayan sawa ne mazaunin Amurka, wai ya zo Indiya neman abokiyar zama. Hotunan da yake ɗorawa na wani ɗan Brazil ne, lambar wayarsa kuma irin ta ƙasar waje ce da ake saya a intanet. 'Yan sanda sun ce ya yi hulɗa da mata sama da 700, fiye da 500 a Bumble (manhajar neman abokin soyayya), sauran a Snapchat da WhatsApp.

Na rubuta wannan ne musamman don ƙannenmu da ke karatu a can, domin tarkon ba ya tambayar ƙabila.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ƙofar da irinsa ke bi, wato gajiya. Mace ta shafe watanni tana shafa fuskar waya, wannan ya yi mata sallama ya ɓace, wancan tun kafin ya san sunanta ya fara maganar banza, a gida kuma ana ta tambayar yaushe ne auren. Kwatsam sai ga wani mai ladabi, yana tuna ranar jarabawarta, yana tambayar ko ta ci abinci. Wace ce zuciyarta ba za ta yi sanyi ba? A nan take sakin jiki. Sannu a hankali sai ya nemi hoto, daga na fuska zuwa wanda bai kamata ya bar wayarta ba. Da ya samu, murya ta canza: ki turo kuɗi ko in watsa.

Wata ɗalibar Jami'ar Delhi ce ta tona masa asiri a Disambar 2024. Ta biya shi da farko, ya dawo yana neman ƙari, sai ta faɗa wa iyalinta suka kai ƙara. Kullum ta nemi su haɗu, sai ya kawo uzuri.

'Yar'uwa, duk wanda ya ƙi kiran bidiyo mako da mako, ki rufe shi. Kar ki yarda da cewa hoton Snapchat yana gogewa; akwai hanyar adana shi. Idan kuwa har ya fara yi miki barazana, kar ki tura ko rupi ɗaya, kuma kar ki goge hirar. Ki ɗauki hoton saƙonnin da lambar asusun da ya ba ki, ki kira 1930, layin kai ƙarar zambar intanet na Indiya, ko ki shiga cybercrime.gov.in. Ki kuma faɗa wa wani babba da kika amince da shi a daren nan, kafin kunya ta rufe miki baki.