Asibitin kunnen da muka kai Umma kan jiri: jiran layi kamar me, amma likitan ya san hannunsa

Sati uku cur Umma ta yi tana salla a zaune. Ba ciwon gwiwa ba ne ba na baya ba, jiri ne, da ta sunkuya ruku'u ko ta ɗago daga sujada sai ta ce ɗakin ya kama juyawa da ita, haka ma da asuba in ta mirgina ɓarin dama za ta tashi daga gado. Duk abin da aka saba yi mun yi. Mai kemis ɗin layinmu ya ce maleriya ce da taifod, aka yi allurai aka ƙara mata ruwa leda biyu, wani ya ce hawan jininta ne ya motsa alhali da aka auna bai wani hau ba, ƙarshe aka haɗo mu da wata ƙwayar jiri wai ita Stugeron tana sha safe da dare har ta koma ba ta da aiki sai gyangyaɗi, jirin kuma yana nan inda yake. Gwaggo kuwa tun ranar farko ta yanke hukunci wai iska ce a nemo mai ruƙiyya. Wata nas 'yar unguwarmu ce ta ce mu kai ta wajen likitan kunne, ni har dariya na yi, na ce kunnenta ƙalau take ji, ko gulmarta ka yi daga soro sai ta jiyo ka.

Asibitin na kuɗi ne a nan cikin Kano, ba zan kama suna ba saboda akwai inda zan caccake su. Kuma bari in fara da caccakar in huta. Ƙarfe takwas muka je, ba mu ga likita ba sai da aka kira azahar, don ashe kwana biyu kawai yake zuwa a sati kuma ba wanda ya faɗa mana haka da muka buga waya. Kuɗin kati ya yi tsada, na'urar cirar kuɗinsu ba sabis, sai da na bar Umma a kan benci na fita titi neman mai POS. Abin da ya fi ba ni haushi, ɗakin likitan a saman bene yake. Wurin da rabin masu zuwansa jiri ne ya kawo su!! Ni da ƙanwata muka riƙo Umma hagu da dama muna hawa taki ɗaya-ɗaya, yarinyar da ke kan tebur ko ɗago kai ba ta yi daga wayarta ba.

To amma da muka shiga ciki sai labari ya canza. Bai taɓa biro ba sai da ya yi wajen minti goma yana tambaya. Ya gaishe ta har da rusunawa sannan ya ce "Hajiya, in abin ya zo, ɗakin ne yake juyawa ko kuwa duhu-duhu kike gani kamar za ki suma?" Ta ce juyawa yake ɗan nan, har silin. Ya ce in kika tsaya cak ba motsi, yana kai minti nawa? Ta ce ai duk yini ne. Ya ce a'a Hajiya ki tuna dai, juyawar kanta nake nufi ba kasalar da take biyo baya ba. Ta yi shiru ta ce gaskiya kafin ta gama Fatiha ya lafa. Ya tambayi jinta, ko ya ragu, ko kunnen yana ƙara ko yana toshewa kamar ruwa ya shiga, ta ce babu ko ɗaya. Nan na ga ya gyaɗa kai.

Ni dai ban iya shiru ba na ce likita meye haɗin jiri da kunne. Ya ja takarda ya zana min. Can bayan dodon kunne, cikin ƙashi, akwai wasu 'yan bututu guda uku lanƙwasassu cike da ruwa a kowane kunne, su suke gaya wa ƙwaƙwalwa kai ya juya nan ko can. Kusa da su akwai wata 'yar jaka mai ɗauke da ƙananan tsakuwoyi na sinadarin kalsiyam, ido ba ya ganinsu. In suka ɓalle suka faɗa cikin bututun, yawanci na bayan, to duk sanda ka motsa kai sai su gangara su ja ruwan, kunne ya ce ana juyawa ido ya ce ƙarya ne ba a juyawa, rigimar nan ita ce hajijiyar. Da sun kwanta sai ta tsaya, shi ya sa ba ta cika wuce minti ɗaya ba. BPPV ake ce masa, kuma a cikin jirin da ke tasowa daga kunne shi ya fi yawa, musamman ga manya da mata, ko bayan mutum ya bugu a ka ko ya daɗe a kwance.

Sai gwaji. Ya zaunar da ita a kan gado ƙafa a miƙe, ya juya kanta dama digiri 45, rabi-rabi kenan tsakanin kallon gaba da kallon kafaɗa, ya ce Hajiya kar ki rufe ido ko me kika ji, sai ya kwantar da ita da baya da sauri kan ya ɗan leƙo ƙasan bakin gadon. Daƙiƙa biyu uku shiru, sai Umma ta saka salati ta cafke masa riga. Ya ce min zo ka gani. Wallahi ƙwayar idonta ce take fizga tana murɗawa da kanta, fit fit fit, can kuma ta lafa. Da ya gwada hagu ko gezau. Ya ce to ga mai laifin nan, kunnen dama. Gwajin ba sabo ba ne ma, wasu likitoci biyu a Landan, Margaret Dix da Charles Hallpike, suka bayyana shi tun 1952, kuma ba ya buƙatar wuta ko inji, gado kawai da likitan da ya san abin da yake kallo.

Maganin ma a kan gadon aka yi shi. Ya sake kwantar da ita yadda ya yi, ya jira juyawar ta wuce, ya juya kan zuwa hagu ya jira, ya mirgina ta gaba ɗaya kan kafaɗar hagu hancinta yana kallon ƙasa ya sake jira, sannan ya tashe ta zaune a hankali. Wai gangaro da tsakuwoyin yake yi lungu-lungu har su koma jakarsu. Dabarar wani likita ce ɗan Amurka, John Epley, da ya wallafa a 1992. Sau biyu ya yi mata, ta yi yunƙurin amai sau ɗaya, a karo na uku da ya gwada idon bai motsa ba. Ya ce ta ajiye Stugeron ɗin nan, irin waɗannan ƙwayoyin na 'yan kwanaki ne in amai ya yi yawa, ba sa mayar da tsakuwa, kuma in aka daɗe ana sha suna hana ƙwaƙwalwa sabawa, ga tsoho yana tafe yana layi ya je ya faɗi a banɗaki.

Abin da ya sa nake ganin kuɗina bai tafi a banza ba shi ne bayanin da ya yi kan sauran, don jiri suna ne ɗaya amma cutukan daban-daban, kuma lokaci da ji su ne suke raba gardama. In hajijiyar tana ɗaukar minti 20 zuwa awa 12, ta tafi ta dawo bayan kwanaki ko watanni, kunne ɗaya yana ƙara yana cika jin yana raguwa, to ana tunanin cutar Meniya, sunan likitan Faransa Prosper Ménière da ya fara danganta irin wannan jiri da kunne a 1861, ruwan cikin kunnen ne yake yin yawa, ita sai an yi awon ji kuma akan ce a rage gishiri da dunƙule. In kuma rana ɗaya ta sauko ta kwantar da mutum kwana biyu uku ba tsayawa, ga amai, ko bai motsa ba tana nan, to jijiyar kunnen ce ta kumbura, sau da yawa bayan mura, in jin ma ya tafi tare to kumburin ya shiga cikin kunnen kansa. Akwai ma jirin masu ciwon ɓarin kai, wanda haske da hayaniya suke damunsu lokacin, wani sa'in ko ciwon kan babu. Shi kuwa duhun da ake gani in an miƙe tsaye farat ɗaya, wannan ba kunne ba ne galibi, a duba awon jini ko ƙarancinsa ko suga. Ya kuma tambaya wace allura aka yi mata a kemis, don jentamaisin tana iya lalata wannan ɓangaren na kunne, Allah ya taimaka ba ita ba ce.

Wuri ɗaya ya ɗaure fuska. Ya ce in jiri ya zo da gani bibbiyu, ko harshe ya yi nauyi, ko baki ya karkace, ko hannu ko ƙafa ta mutu, ko mutum ya kasa tsayuwa sam, ko ciwon kai mai tsanani da bai taɓa ji ba, kar ku zo nan ku zauna a benci, ku wuce ɗakin gaggawa, yana iya zama shanyewar ɓarin jiki, balle ga mai hawan jini irin Umma.

Wata maƙwabciyarmu da ta ji labari ta matsa sai na yi mata irin juyin da aka yi wa Umma tunda na gani, na ƙi, don nata yini take yi a kwance kuma kunnenta na hagu ya daɗe yana ƙugi, ko kusa ba iri ɗaya ba ne. Ko da irin na Umma ne ma sai an san wane kunne, kuma mai ciwon wuya ba a wasa da kansa haka.

Zan sake zuwa? E, amma ƙarfe bakwai zan je da tsabar kuɗi a aljihu, kuma sai na tabbatar ranar likita ce. Wanda tsadar ta fi ƙarfinsa, manyan asibitocin koyarwa suna da sashen kunne da hanci da maƙogwaro, akwai kuma cibiyar kula da kunne ta ƙasa a Kaduna. Umma ta yi kwana huɗu tana jin kanta wani iri kamar mai tafiya a kan katifa, likita dama ya ce za a yi haka kuma abin yana iya dawowa wata rana, in ya dawo a koma a sake. Ranar Juma'a ta yi asuba a tsaye, Gwaggo ta ce ai tofin da ta aiko ne.