Rabon Gona: Lissafin Ka ko Zane a Ƙasa?

A ƙauyukan Ringim da Ɗambatta, idan aka zo rabon gadon gona, akan bi ɗayan hanyoyi biyu: ko malami ya yi lissafin da ka ya faɗi kason kowa, ko kuma ya ɗauki tsinke ya zana gonar a ƙasa a gaban magada.

A ce mamaci ya bar mata ɗaya, 'ya'ya maza biyu da mata uku, kuma iyayensa sun riga shi rasuwa. Mai lissafin ka zai ce matar tana da tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, sauran kuma namiji ya ɗauki ninki biyu na kason mace. Hanyar tana da sauri, amma mai sauraro kan rikice, domin tun 1956 masani George Miller ya nuna cewa abubuwan da mutum ke iya riƙewa a ransa lokaci guda ba su wuce bakwai ba, ko kusa da haka.

Mai zane kuwa sai ya tsaga gonar gida takwas, ya ba matar gida ɗaya, kowane namiji biyu, kowace mace ɗaya, ta yadda ko tsohuwar da ba ta yi boko ba za ta ƙirga da yatsa ta gamsu. A ganina wannan ya fi rage husuma, ko da yake zanen yana da aibi guda: yakan nuna gidajen daidai suke, alhali gefen fadama ya fi na jigawa daraja, don haka sai an taka gonar da ƙafa an ƙiyasta kowane gefe kafin a kafa iyaka.