Tabon da ke dawowa a kan dutsen Figuil: me ya kamata ka saya?

Duk wanda ya shimfiɗa farin dutsen mabul na Figuil ko na Bidzar, a arewacin Kamaru, a tsakar gidansa a Garwa ko Marwa ya san wannan ciwon kai. A wanke yau, bayan kwana kaɗan tabon goro, na shayi, ko na ganyen mangwaro da ya ruɓe da damina ya sake fitowa. Dalili shi ne dutsen yana da ƙananan ramuka, yana tsotse ruwa a hankali. Wankin sama ba ya kai wa inda dattin ya kwanta.

Omo da buroshi na share ƙurar hunturu ne kawai. Javel (bilic) tana kashe gansakuka da baƙin danshi, to amma ba ta taɓa tabon mai, kuma yawan zuba ta na barin farin gishiri a kan dutse.

Ni abin da nake saya shi ne garin alli da ruwan oksijene (hydrogen peroxide). Ruwan oksijene na kantin magani mai lamba 10 yana da rauni. Na masu gyaran gashi mai lamba 40, ruwan ba mai kauri ba, ya fi aiki. Ka kwaɓa su da kauri, ka shafa a kan tabon da kaurin ɗan yatsa, ka rufe da leda na awa 24 zuwa 48, sannan ka buɗe ka bar shi ya bushe ƙayau. Wajen bushewar ne allin ke janyo dattin daga cikin dutse. Tsohon tabo kan nemi a maimaita. Ka sa safar hannu, kuma ka fara gwadawa a lungu, don yana iya dusar da launin dutse mai duhu. Tabon manja da man inji kuwa, a kwaɓa allin da asiton (acetone, ruwan da ke narkar da mai).

Yanzu ga inda ake cutar mutane. A shagunan kayan gini za a miƙo maka jarka ba takarda, a ce "mai wanke karo ne, nan take yake fari" (karo shi ne tayil). Yawancinsu asid ne. Wannan dutse shi ne irin wanda ake ƙonawa a yi siminti da farar ƙasa, asid cinye shi yake yi. Farin da ka gani, fatar dutsen ce ta narke. Daga nan ramukan sun ƙara buɗewa, tabo na gaba ya fi na baya shiga. Wani mai shago ya taɓa rantse mini cewa nasa ba asid, na ɗiga a kan gutsuren dutse a gabansa, sai ga kumfa tana tashi. Ka riƙa zuwa kasuwa da gutsure a aljihu. Har lemun tsami da binigar da ake yabawa ka bar su a kicin. Maganin tsatsa ma mafi yawa asid ne, gara ka ɗauke ƙarfen da ke jawo tsatsar, kamar kujera, daga kan dutsen. Kada kuma a haɗa javel da asid, iskar da ke tashi guba ce.

Idan farin gari ne ke fitowa bayan ruwan sama, gishirin simintin da ke ƙarƙashin dutsen ne, ba abin saye a nan. Maganinsa busasshen buroshi na roba ne da gyaran magudanar ruwa. Maganin hana shan ruwa kuwa, ka nemi mai shiga cikin dutse ba mai yin ƙyalli a sama ba, a shafa da rani bayan dutse ya bushe sarai.