Hattara da masu sayar da CorelDRAW da Office na naira 5,000

Jama'a, wallahi abin nan ya isa. Akwai wasu da ke yawo a zaurukan WhatsApp da Telegram suna tallar CorelDRAW da Office da Photoshop, wai cikakku har abada, a kan naira 5,000. Naira 5,000! Ka tura kuɗi su turo maka mahaɗin torrent (hanyar musayar fayiloli tsakanin kwamfutocin mutane) wanda su ma kyauta suka kwaso. Da kuɗinka ka sayo ɓarawo ka shigo da shi ɗaki.

Wuri guda ake cin mutane, kuma shi ke ƙona mini rai. Fayil ɗin yana zuwa cikin zip mai kalmar sirri, sai a ce: "Yallaɓai, kashe Windows Defender tukuna, ƙarya yake yi, duk kirak haka yake nunawa." Kashe Defender tukuna, wato manhajar tsaron da ke zuwa da Windows; kirak kuwa manhaja ce da aka fasa don a yi amfani da ita ba lasisi. Ita kalmar sirrin an sa ta ne don kada manhajar tsaro ta leƙa ciki lokacin saukewa. Kafin nan ma, tun ba ka biya ba, sun turo bidiyo ga manhajar tana aiki. Kuma idan ka ɗora ta takan buɗe sumul! To wa zai yi zargi? Ban yarda a kira wanda aka cuta sakarai ba. Abin kunyar ma, a bakin masu gyara irinmu mutane suka fara jin wannan "kashe Defender", har ta zama jiki.

Abin da ke maƙale a ciki shi ne manhajojin satar bayanai irin su RedLine da Lumma da Vidar. Cikin ɗan lokaci sun kwashe kalmomin sirrin da Chrome ya adana, da kukis (ƙananan fayilolin da shafuka ke gane ka riga ka shiga da su), da takardun Desktop da Documents. Da kukis ɗin nan ana iya shiga Gmail ko Facebook ɗinka ba tare da an nemi lambar tabbatarwa ba. Yanzu ɗauki kwamfutar shagon buga takardu: silif na NIN, lambar BVN, hoton fasfo, bayanin asusun banki, duk na kwastomomi, jibge a folda guda. Da su ake neman rance da sunan mutum, shi yana gida bai san hawa ba bai san sauka ba. Duk a kan naira 5,000.

Ba yau aka fara ba. A 2007 an kama wani a Seattle ta Amurka yana amfani da LimeWire, manhajar musayar fayiloli mai kama da torrent, yana tsintar takardun harajin mutane, saboda sun bar foldar takardunsu a buɗe ga kowa. Ya sha ɗaurin wata 51. A 2010 hukumar FTC mai kare masu sayayya a Amurka ta sanar da ma'aikatu da kamfanoni kusan 100 cewa bayanansu na yawo ta wannan hanya.



Wanda ya riga ya ɗora, ya cire intanet yanzu. Canja kalmomin sirri daga wata na'ura daban, imel farko, ka fitar da duk na'urorin da ke ciki, in ba haka ba tsofaffin kukis na iya ci gaba da aiki. Sanar da bankinka. Kwashe takardu kaɗai, ban da ko wane .exe, ka goge kwamfutar ka ɗora Windows daga shafin Microsoft. LibreOffice (madadin Office) da Inkscape (madadin CorelDRAW) kyauta ne a shafukansu, ko sisi ba a biya.