Wata takwas ina shan ƙwayar man kifi bayan aikin jijiyar zuciya

Tun ranar da aka sa mini ɗan bututun raga a jijiyar zuciya, magana ɗaya ta likita ta tsaya mini a rai: jini na iya yin guda a cikin bututun, ya toshe shi farat ɗaya. Ya rubuta mini asfirin da clopidogrel, magungunan hana jini yin guda, ya ce shekara guda cur, ba fashi. Tsoron nan ne ya kai ni ga man kifi.

Abin da ya ja hankalina wani bincike ne na 1993 a Amurka. An ciyar da gwaggon biri man kifi, sannan aka yi musu aikin kankare jijiyar wuya, sai aka ga gudan jinin da ke taruwa a wurin aikin ya ragu ƙwarai. Dalilin ma ya shiga kai: sinadaran EPA da DHA da ke cikin man kifi suna rage manne wa juna da ƙananan ƙwayoyin jini ke yi. Ban tsaya shawara da kowa ba na saya.

Ƙwayar ƙatuwa ce, miligiram 1000, sai da ruwa mai yawa take wucewa. Da na duba bayan kwalba sai na ga EPA 180 ne kawai, DHA 120, sauran wani mai ne daban. Gyatsa mai ƙarnin kifi ta dame ni a makon farko, amma da na koma ajiye kwalbar a firji ina sha tsakiyar cin abinci, ta lafa.

A wata na biyu na fara shan uku a rana. Wata safiya ina goge baki na tofar da kumfa, na gan ta ja. Ga kuma wani shati baƙi-baƙi a cinyata, ban san inda na buge ba. Wallahi har na fara tunanin ajiye clopidogrel, tunda ga "na halitta" yana aiki. Allah ya sa na fara zuwa asibiti.

Likita bai yi mini faɗa ba, amma fuskarsa ta canza. Ya ce barin clopidogrel kafin lokaci na cikin manyan abubuwan da ke toshe bututun. Ya kuma nuna mini cewa a 1994 an gwada man kifi a kan mutane sama da 500 da aka buɗe wa jijiya da balan-balan, bai hana ta sake tsukewa ba. Abin da ya yi wa biri bai yi wa mutum ba.

Maiƙon jinina ya ɗan sauka, wannan kam na yaba. Amma a matsayin kariya daga gudan jini ba zan ba kowa shawarar shan ƙwayar man kifi ba. Yanzu ɗaya nake sha a rana, da sanin likita, kuma duk ranar ganinsa da kwalbar nake tafiya a jaka.