Lambar buƙata ko PUT: wanne ke hana cire kuɗi sau biyu?

Ka tura kuɗi, intanet ta yanke kafin amsa ta dawo. In ka sake turawa da POST, wato umarnin intanet da ke cewa "yi sabon aiki", ana iya cire maka sau biyu.

Stripe, kamfanin biyan kuɗi ta intanet, na magance wannan da Idempotency-Key, wato lamba ta musamman ga kowace buƙata. Sabar, wato kwamfutar da ke karɓar buƙatun, tana adana amsar farko. In lambar ta sake zuwa, sai sabar ta mayar da waccan amsar, ba ta sake aikin. Amma bayan awa 24 ana iya share lambar.

PUT kuwa, wato umarnin da ke cewa "mai da abu kaza ya zama kaza", ba ta buƙatar adana amsa. "Mai da adireshina Zariya", ko sau goma ka faɗa, Zariya ce. "Ƙara naira 500" fa? Nan ta gaza, shi ya sa a harkar kuɗi na fi yarda da lamba.