Kuɗin ƙungiyar bishara: hannun shugaba ko kwamitin amintattu?

A Wusasa da Sabon Gari na Zariya, ƙungiyoyin Kirista masu kula da marayu da gwauraye kan riƙe gudummawa ta hanya biyu: ko komai na hannun wanda ya kafa ƙungiyar, ko a danƙa wa kwamitin amintattu.

Ta farko tana da sauri. Gwauruwa ta ƙwanƙwasa ƙofa da dare, ɗanta na kwance a asibiti, Baba Fasto ya sa hannu a aljihu ya biya, ba sai an kira taro ba. Masu bayarwa ma don shi suke bayarwa. Amma ranar da ya kwanta ciwo ko ya rasu, ba wanda ya san da sunan wa aka sayi fili, kuɗin makarantar yara ya tsaya cak. Kuma ko mutumin kirki ne, zargi na binsa, domin ba takardar da za ta wanke shi.

Kwamiti kuwa akwai jan ƙafa. Ga rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, ƙarƙashin CAMA, dokar kamfanoni ta 2020, ga jiran mutum biyu su sa hannu kafin a ciri kuɗi a banki. Duk da haka ni shi na fi so. A Littafi Mai Tsarki, Ayyukan Manzanni sura 6, da gunaguni ya tashi kan rabon abincin gwauraye, manzanni suka sa aka zaɓi mutum bakwai su riƙe aikin. Sai dai a ware wa shugaba ɗan kuɗin gaggawa, ya kawo rasit ƙarshen wata.